Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga limamai da shugabannin Hausawa na Gadarif, Sinnar da Mai Wurno: a rage wa masu ciwon daji azaba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Allah ya gafarta malamai. Allah ya ja zamanin sarakuna da umdodi da masu unguwanni. Gaisuwa ce ta 'ya ga iyayenta, tare da neman afuwa idan harshe ya yi kaifi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikina kuma ya daɗe yana haɗa ni da masu ciwon daji. Ma'aikatar lafiya tana da masu rubuta mata da Larabci, shi ya sa na juyo gare ku da Hausa. Rabin abin da ke damuna a cikin gidajenmu yake, inda kalma ɗaya daga bakin liman ta fi takardar likita goma nauyi. Maganar ita ce: mafi yawan azabar da masu ciwon daji ke sha a unguwanninmu tana da magani, ko da ciwon kansa ya wuce warkewa, kuma maganin ba mai tsada ba ne. Muna barin mutanenmu suna kwana suna nishi a kan abin da za a iya kwantar musu da shi.

Halin da yaƙi ya jefa mu a nan Sudan kun fi ni sani. Kafin 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙin ya ɓarke, wanda aka ce yana da saratan, wato ciwon daji, sai a tura shi asibitin Zarra na Khartoum ko cibiyar Jami'ar Jazira da ke Wad Madani. Khartoum ta rufe, kowa ya kwarara Madani, Madani ma ta faɗi a Disamba 2023. Daga nan mai neman na'urar isha'i, wadda ake ƙona ciwon da haskenta, sai ya zagaya ta Kasala da Haiya da Atbara ya nufi Marawi, idan yana da kuɗin mota da ƙarfin zama a cikinta. Sojoji sun karɓe Madani a Janairu 2025, Khartoum a Maris, amma asibitin da aka wawashe ba ya miƙewa ranar da aka kafa tuta. Mutane da yawa jur'arsu ta kimawi, wato zagayen maganin ciwon daji mai ƙarfi da ake bayarwa lokaci-lokaci, ta yanke a tsakiya, ciwon da ake sa ran shawo kansa ya bazu. Waɗannan suna nan kwance a ɗakunanmu da makarantun da aka sauke 'yan gudun hijira. Gyaran na'ura ya fi ƙarfin liman da mai unguwa. Abin da zan roƙa bai fi ƙarfinku ba.

Zan fara da raɗaɗi, domin shi ne babba. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsari mai hawa uku. Ciwo mai sauƙi, Panadol da danginsa. Ya ƙaru, a hau zuwa kodin ko tiramadol. Ya yi tsanani, mofin. Ƙa'idar tsarin ita ce a sha ta baki, a kuma sha bisa agogo, kada a jira ciwon ya dawo. Mofin na ruwa ana shan sa duk awa 4, dare da rana, likita yana ƙara adadin a hankali har a kai inda ciwon ya kwanta. A gidajenmu akasin haka ake yi. Ana ɓoye maganin sai marar lafiya ya fara kururuwa, sannan a ba shi rabi, a ce kada ya saba. Ko kuma a kira mai allura ya riƙa yi masa Voltaren safe da yamma har cikinsa ya yi gyambo ko ƙodarsa ta gaji, ciwon kuwa yana nan inda yake, domin ya wuce hawan wannan maganin.

Na san daga ina tsoron ya fito. Mun ga abin da tiramadol ya yi wa samarinmu, kuma sunan mofin yana tafe da kalmar mukhaddarat, wato kayan maye. Amma saurayin da ke haɗiyar ƙwaya don ya bugu daban yake da tsohuwar da ciwo ya ci mata ƙashin ƙugu. Wanda ake ba mofin saboda raɗaɗin ciwon daji, a hannun likita, da wuya ya zama mashayi. Kwana biyu ko uku na farko yakan yi gyangyaɗi, zuciyarsa takan tashi, sai ya wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne taurin bayan gida, don haka duk wanda aka ɗora a kan mofin dole a haɗa masa da maganin sassauta ciki tun ranar farko. Abin sha'awa, wanda asibitocin Turai ke bayarwa don wannan daga ganyen sanamakka ake yin sa, ɗan'uwan filaskonmu, wanda ƙasar nan ke fitarwa waje. Sai dai a bar likita ya faɗi adadi, kuma idan ciki ya kumbura ana amai, iska ma ba ta fita, a tsaya da shi a tafi asibiti.

Akwai kuma masu cewa mofin allurar sallama ce, da an fara shi an gama. Abin da ke sa a ga haka shi ne ba ma yarda a fara shi sai ran da mutum ya zo gargara. Wanda aka fara masa da wuri yakan yi watanni yana sha, yana cin abinci, yana fita ƙofar gida, wani ma yana leƙa kasuwa. A 2010 an buga wani bincike daga Boston ta Amurka a kan masu ciwon daji na huhu da ya bazu. Waɗanda aka haɗa musu kulawar rage wahala tun daga farko sun fi samun sauƙin rai, damuwarsu ta ragu, kuma tsakatsakin abin da suka rayu ya kai wata 11.6, sauran kuwa wata 8.9.

Allah ya gafarta malamai, a nan ne na fi buƙatarku. Na sha jin mai jinya yana ce wa marar lafiya, "Yi haƙuri, kankarar zunubi ce," ya mayar da kwalbar maganin cikin jaka. Cewa cuta tana kankare zunubi gaskiya ne, daga bakinku muka koya. Amma daga bakinku kuma muka ji hadisin Usama ɗan Sharik, inda ƙauyawa suka tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko su nemi magani, ya ce su nema, domin Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani, ban da tsufa. Ba na ba da fatawa, ba matsayina ba ne. Tambaya nake yi: allurar barcin da ake yi wa mutum a ɗakin tiyata, wadda ke gusar da hankali gaba ɗaya, wa ya taɓa hana ta? Idan ta halatta saboda lalura, ina matsayin cokalin maganin da ke barin mutum da hankalinsa ya ɗauke masa ciwo kawai? Ku duba littattafanku, ku yi shawara da likitoci, sannan ku faɗa a kan mumbari da Hausa, yadda tsohuwar da ke sahun baya za ta ji. Abin da idona ya gani shi ne wanda ciwo ke murɗawa ba ya iya haɗa Fatiha. Wanda aka kwantar masa yakan yi taimama, ya yi sallarsa a zaune ko a kishingiɗe kamar yadda aka umarci Imrana ɗan Husaini, ya kira 'ya'yansa ya yi wasiyya, ya faɗi bashin da ke kansa.

Ko da kun gamsar da kowa, sai an sami maganin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 14 cikin 100 kacal na masu buƙatar irin wannan kulawa ke samun ta a duniya, duk da cewa babban taronta na 2014 ya amince ta zama ɓangaren aikin lafiya na kowace ƙasa. Mu a nan an fara da kyau: a 2010 Dakta Nahla Ja'afar ta buɗe sashen rage wahala a asibitin Zarra, ana ba da mofin na sha, ana koyar da ma'aikata. Matsalar ita ce kusan komai a Khartoum ya taru, har da rumbunan Imdadat da ke raba wa ƙasa magani. Ku dubi Yuganda, wadda ita ma ba mai arziki ba ce. Tun 1993 Dakta Anne Merriman ta fara aikin a Kampala, ana sayo garin mofin mai araha a dama shi da ruwa a zuba a kwalabe. A 2004 suka gyara doka, ma'aikacin jinyar da aka horar ya sami ikon rubuta shi, domin ƙauye ba shi da likita. Ku da kuke shiga wurin wali da kwamishinoni a kan rikicin gona da ruwan sha, ku sa wannan a cikin buƙatunku: mofin na sha a asibitocin jiha da na ƙananan garuruwa, da horo ga ma'aikatan jinya, da rajista mai tsauri don kada ya zube kasuwa. A gida ma a kulle shi, makulli a hannun mutum ɗaya.

Abu na biyu yana kashewa cikin dare ɗaya, kuma mutanenmu ba su san shi ba. Kimawi yana taɓa ɓargo, inda ake ƙera fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. Sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan jur'a. A wannan tsakanin, ƙwayar cutar da lafiyayye ba zai ko ji ta ba tana iya shiga jinin marar lafiya ta kayar da shi. Alamarta sau da yawa zazzaɓi ne kawai. To mu a Gadarif kowane zazzaɓi maleriya ne har sai an ga akasin haka, ga dengi, ga kala'azar, don haka sai a miƙa Panadol, a sayo maganin maleriya a saidaliyya, wato shagon magani, a ce a ga safiya. Panadol ɗin ya rufe zafin, ƙwayar tana aikinta. Ƙa'idar da nake so kowane gida mai ɗan kimawi ya haddace ita ce: zafin jiki ya kai 38, ko ana rawar sanyi, a tafi asibiti a lokacin, ko ƙarfe biyun dare ne, kuma kalmar farko da za a faɗa wa likita ita ce "yana kan kimawi, ga ranar jur'arsa ta ƙarshe." Ana so ya sami maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya cikin awa guda. A gwada maleriyar ma, amma kada a tsaya a kanta. Ma'aunin zafin jiki bai kai kuɗin kilo na nama ba. Asusun masallaci zai iya sayen goma ya ajiye, tare da lambar mai raksha (keke mai ƙafa uku) ɗaya da ya yarda a tashe shi da dare.

Haka nan sabon ciwon baya mai tsanani tare da nauyin ƙafafu, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba a sani ba. Wannan alama ce ta ciwon ya danne laka. Ba na mai tausa ba ne, ba na mai ɗori ba ne. Kwana ɗaya na jinkiri yana iya zama bambancin tafiya da ƙafa da kwanciya har ƙarshe.

Sauran wahalhalun kimawi ba zan daɗe a kansu ba. Maganin amai, irin su ondansetiron da deksametazon, ana shan su kafin aman ya fara, yadda aka rubuta, ko da mutum yana jin garau. Ƙamshin bakhur da ƙaurin suya suna tayar da zuciya, a nisanta su. Baki idan ya yi gyambo, a kurkure sau da yawa a rana da lita ɗaya ta dafaffen ruwa da aka sa ƙaramin cokali na gishiri da na bikarbona, ba kanwa ba, a ajiye shatta da lemun tsami da shayi mai ƙuna, a sassauta da asuwaki. Gudawa, ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, idan kuma ta ƙi tsayawa ko ta zo da zazzaɓi a tafi asibiti, balle a shekarun nan na kwalara. Gashi yana zubewa, yana kuma dawowa bayan an gama. Wadda ake yi wa isha'i ta haƙura da dilka da dukhan, wato turaren hayaƙi na jiki, a wurin da ake haskawa har fatar ta warke.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai, kuma iyayena maza ku yi haƙuri da ni, domin maganar mata ce. Ciwon nono shi ne kan gaba a cikin ciwon dajin matan Sudan, kuma yawancinsu ba sa zuwa sai ya yi nisa. Namu sun fi jinkiri, saboda kunya, saboda kuma wadda Larabcinta bai wuce na cefane ba ba za ta iya bayyana wa baƙon namiji abin da ke ƙarƙashin tobinta ba. Sai a tafi da ɗanta ya yi tafinta. Wace uwa ce za ta ce wa ɗanta jini yana zubo mata bayan ta daina al'ada? Sai ta ce ciwon ciki. Idan ƙullun ya fashe ya zama gyambo mai wari, sai a mayar da ita ɗakin ƙarshe, a kunna turare, jikoki su daina shiga, ita ma ta daina yarda a shigo. Na ga matan da warin ya fi ciwon ƙona musu zuciya. Alhali warin nan ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, kuma maganinsu Flagyl ne, wannan dai da kowa ya sani. A wanke gyambon a hankali da dafaffen ruwa mai ɗan gishiri, a daka ƙwayar ta yi laushi, a barbaɗa, a rufe da tsumma mai tsabta. Cikin 'yan kwanaki warin yakan faɗi, mace ta koma cin abinci cikin 'ya'yanta. Ma'aikaciyar jinya za ta iya koya wa mai jinya wannan a zama ɗaya.

Don haka ina roƙon ku sa ƙungiyoyin mata na masallatai da makarantun Islamiyya su fitar da mata biyu ko uku a kowace unguwa, masu Hausa da Larabci, masu riƙe sirri, waɗanda za su riƙa raka marasa lafiya asibiti. 'Yan matanmu da suka yi karatun jinya da haɗa magani, da yawa yaƙi ya zaunar da su a gida. Ga aiki.

Game da maganin gida, ba na faɗa da rubutu ko tofi, kuma addu'ar ɗora hannu a inda ke ciwo, wadda aka koya wa Usman ɗan Abil As, ni ma ina koya wa majinyatana. Faɗana da lalas ne da tsaga da ƙaho a kan ƙullu, da bagaruwa da ake kirɓawa a cusa cikin gyambo. Mai kimawi jininsa ba ya saurin tsayawa, rauninsa ba ya saurin warkewa. Hannun da ya kumbura bayan an cire nono, ruwa ne ya taru saboda an taɓa hanyoyinsa a hammata. A tsaga shi, an buɗe wa cuta ƙofa. Ɗanyen nonon raƙumi da ake yi wa talla yana iya ɗauke da cutar da ke sa zazzaɓi mai naci, a tafasa shi. Wanda kuma ya karɓi kuɗin marainiya ya ce ta bar asibiti zai cire mata ciwon da hannunsa, kun san sunansa a unguwanninku fiye da ni, kuma kiransa gabanku ya fi duk abin da zan rubuta.

Abinci ma yana haddasa rigima a gidan jinya. Idan ciwo ya yi nisa, shi kansa yake kashe sha'awar ci yana narkar da jiki, ko an ci ko ba a ci ba. Ɗura ba ta dawo da ƙiba, sai dai amai da shaƙewa da ɓacin rai tsakanin uwa da 'ya. A ba shi kaɗan-kaɗan abin da ransa ke so, madida ko nasha ko kunun gyaɗa ko romo, talbina ma da ta zo a hadisin Nana A'isha. Ya ce ya ƙoshi, a ɗauke kwanon ba tare da fushi ba. Da azumi kuwa, ayar Baƙara ta riga ta ba marar lafiya rangwame, amma dattawanmu ba sa karɓa daga bakin sista. Mutum ya tsallake maganinsa na awa 4 tun asuba har magariba, ya sha wuya, ya ce kunyar Allah yake ji. Liman ya taka ya je ya ce masa "Baba, sha, Allah ya yafe maka," magana ta ƙare.

Dubiya sunna ce, amma mutum ashirin a ɗaki ɗaya, wani yana tari, ana ta kawo jabana, wato gahawa, matar gida ta bar majinyaci ta koma hidimar baƙi, wannan ya zama nauyi. A gajarta zama, mai mura ya yi gaisuwarsa daga waje. Wanda ya zo da niyyar lada ya karɓi mai jinya na awa biyu ta runtsa, ko ya taya juya marar lafiya, domin wanda ba ya iya motsi ana so a juya shi duk awa 2 kada bayansa ya yi gyambo. Mun iya gayya a gonar dawa da riɗi, mun ga yadda takiyya, wato girkin sadaka na jama'a, ta ciyar da unguwanni a cikin yaƙin nan. Jinyar wata shida da ake bar wa mace ɗaya ita ma ta cancanci a raba ta.

Saura batun ɓoyewa. Kusan kowane gida sukan ja ni gefe su ce, "Sista, kada ki gaya masa." Na fahimci tausayin da ke ciki, kuma ba na goyon bayan a jefa wa mutum labari kamar dutse. Amma wanda ake kai shi kimawi, gashinsa yana zuba, ya san abin da ke jikinsa. Yakan yi shiru ne don ya ga kuna so ya yi shiru, sai kowa ya kwana da nasa kukan. Hanyar da muka koya ita ce a tambaye shi me ya fahimta, me yake so ya sani, a ba shi gwargwadon abin da ya nema. Wani zai ce ku yi magana da babban ɗana, a girmama hakan. Wani kuwa yana da gona a Dindir da bai raba ba, da 'yar da yake so ya ga aurenta, da ɗan'uwa a Kano ko Makka da suka yi shekaru ba sa magana. Hana shi sani hana shi gyara waɗannan ne. Kuma ba a sayar da gona da shanu a ɗauki mutumin da ba ya iya zama a kai shi Alƙahira kafin a tambayi likita gaskiyar abin da tafiyar za ta ƙara masa.

Ina roƙon a ware huɗuba ɗaya a kan wannan kafin azumi mai zuwa, a kuma ba ma'aikatan lafiya 'ya'yanku rabin awa bayan sallar la'asar a harabar masallaci, maza daban mata daban, mu nuna yadda ake karanta ma'aunin zafi da yadda ake wanke gyambo. Kayan aikin mu za mu zo da su.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yarku,
ma'aikaciyar jinya, Gadarif